Allura a Yatsan Auta

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

An daɗe ana ce mini in tashi in ba da wannan shaida a zumuntar mata, ina ta kakkaucewa. Shaidar da muka saba ji ita ce ta wanda mota ta kife da shi ya fito lafiya, ko wadda ta shekara goma ba haihuwa Allah ya share mata hawaye. Tawa kuwa ta barci ce. Wa zai tsaya gaban jama'a ya ce a taya shi godiya ya koyi zama ba ya yin komai? Amma tunda abin ya ƙi barin raina, bari in faɗa, mai dariya ya yi.

A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife ni, a jihar Katsina. Baba manomi ne, yana da shanun huɗa biyu da jaki guda, yana kuma cikin dattawan ƙaramar ikilisiyar ECWA da ke ƙauyen. Abin da na buɗe ido na gani shi ne, ranar Lahadi ba a ɗaura wa shanun nan garma. Ko da an kwana ana ruwa daren Asabar, ƙasa ta yi laushi yadda manomi ke so, suna nan a turke suna tuƙa. Na tuna wata damina da ruwa ya yi jinkiri, sai ga shi ya sauka daren Asabar. Da sassafe ƙanen Baba ya shigo a gaggauce ya ce, "Yaya, ruwan nan fa ba ya jiran kowa." Baba yana ɗaura igiyar takalminsa na zuwa sujada, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Mai ruwan ya san yau Lahadi." Inna ma ba ta surfe ba ta daka a ranar, tun Asabar take gama komai. In an taso daga sujada aka ci abinci, Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mu yara mu yi ta ƙiriniya har ya kore mu. Da na girma na shigo birni, na ɗauki wannan duka a matsayin ƙauyanci. Mutanen da ba su da abin yi, in ji ni.

Aure ne ya kawo ni Jos. Baban yara malamin firamare ne, albashinsa bai taka kara ya karya ba, don haka na kama ɗan shago a babbar kasuwar Terminus ina sayar da atamfa. Daga Kantin Kwari a Kano nake saro kaya, rabi da kuɗina rabi bashi. A watan Fabrairu na 2002 kasuwar ta ƙone. Wanda yake Jos a lokacin ya san abin da nake faɗa. Na je da safe na tsaya daga nesa ina kallon hayaƙi, ban fitar da ko ƙyalle ba, ga bashin mutane a wuyana. A wurin nan, a tsaye, na yi wa kaina alkawarin da ban gaya wa kowa ba: ni da zama mun raba gari. Tsoro ne ya shige ni ranar, tsoron kada in sake wayar gari hannu wofi. Sai dai ban kira shi tsoro ba, na raɗa masa suna ƙwazo, kowa kuma ya taya ni kiransa haka.

Na koyi ɗinki. Da keke ɗaya na fara a zauren gidan haya a Tudun Wada, har Allah ya sa na kai keke biyar, biyu na lantarki, da yara mata shida masu koyon aiki. Na biya bashi, na sa yarana a makaranta, muka sayi fili. Wannan duka alherin Ubangiji ne, ba na musu. Amma a shekara 20 ɗin nan ban san abin da ake kira hutu ba, kuma ina alfahari da hakan. In aka ce, "Mama Tela ba ta gajiya," sai in ji kaina ya yi girma.

Abin da zai ba ku mamaki, da wani ya ce mini ba na kiyaye ranar Ubangiji da mun yi faɗa. Shagona a rufe yake ranar Lahadi, kowa shaida ne. Amma bari ku ji yadda Lahadin take. Ƙarfe huɗu na asuba na tashi, in goge kayan da masu shi za su aiko a karɓa kafin sujada. Ina koyarwa a makarantar Lahadi, ina cikin mawaƙa, ni ce sakatariyar zumuntar mata, ina kwamitin gini, ina kwamitin walwala. In an tashi sujada sai taro, in an gama wannan taro sai wancan, daga nan ziyarar marasa lafiya, ko gaisuwar rasuwa, ko barkar haihuwa. Sai wajen biyar na yamma nake shiga gida, ƙafa ta kumbura. Da dare kuma in shimfiɗa yadi a tebur in kama yanka, ina gaya wa kaina ai yanka ba ɗinki ba ne, keke ne ba a taɓawa ranar Lahadi. Kun ji irin wayon da mutum ke yi wa Allah. Sauran mako ma ba sauƙi: Talata zumunta, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Asabar biki.

To, in ina coci tun safe har yamma, wa ke yin aikin gida? Auta. Ba 'yar cikina ba ce, 'yar wata gwauruwa ce da aka kawo mini daga ƙauye ta koyi sana'a, ita ce ƙarama a shago shi ya sa sunan ya bi ta. A gidana take kwana. Kwana shida tana shago, ranar Lahadi kuma ta tafi sujadar farko ta dawo da gudu, ta yi wankin mako guda, ta dafa shinkafa, ta share gida, ta wanke tukwane. Shekarunta 16 a lokacin. Ban taɓa zagin ta da uwa ba, ban taɓa hana ta abinci ba, ina kuma ɗinka mata kayan Kirsimeti iri ɗaya da na 'ya'yana. A ganina na gama mata komai.

Kirsimetin 2022 ranar Lahadi ta faɗo. Duk tela ya san Disamba, watan da ake samun kuɗin shekara, kuma watan da ake zubar da mutuncin shekara. Na karɓi ankon biki biyu, da kayan zumuntar wata ikilisiya, ga na kwastomomin da na saba da su, kowa ya ba da kafin alƙalami. Baban yara ya dubi tulin atamfa da leshi a kusurwar shago ya ce, "Maman yara, wannan kayan ko aljani ne ba zai gama ba." Na ce ya bar ni, shi da ke jiran ƙarshen wata bai san zafin nema ba. Ya ce, "Zafin nema dai ba ya kawo samu." Na yi banza da shi.

Kusan mako biyu muna kwana a shago. Sanyin Jos na Disamba kuwa ba sai an faɗa ba, yatsu har ƙagewa suke. Daren Asabar 17 ga wata an ɗauke wuta, muka tada janareto. Yara suna gyangyaɗi ina daka musu tsawa, "Ku tashi, ragwaye kawai! Barci zai biya ku?" Wajen ƙarfe uku na dare, ina kan yanka, sai na ji ƙara. Ba irin ƙarar da yaro ke yi in ya tsorata ba ce. Auta ce a kan keken lantarki. Barci ya sace ta, ƙafarta na kan mataki, allura ta huda farcen manuniyarta ta fita ta ƙasa, ta karye a ciki.

Ba zan iya faɗin yadda muka kai asibiti ba, wani maƙwabci ne ya fito da motarsa. Aka yi mata allurar kashe zafi, aka ciro guntun ƙarfen, aka yi mata ta rigakafin sarƙewar haƙora. Nas ɗin da ke naɗe mata yatsa, wata babbar mace ce mai furfura, ta tambaye ta, "'Yata, rabonki da barci a kan gado tun yaushe?" Auta ta saci kallona, ta yi shiru. Shirun nan ya fi mini duka. Nas ta juyo ta dube ni da kyau ta ce, "Ke ma zo nan, idonki bai yi mini ba." Ta ɗaura mini abin awon jini a dantse. Ta duba, ta sake awo, sannan ta kira likita. Jinin da ake so ya tsaya wajen 120 bisa 80, nawa na sama ya haura 180. Na daɗe ina fama da ciwon kai ta ƙeya, ina shan fanadol ina ci gaba da taka keke. Likita ya ce hawan jini ba ya sallama, haka yake kayar da mutum ya shanye masa ɓarin jiki, kuma ba zan koma gida ba sai ya sauka. Jiki magayi.

Gari ya waye muna kwance, gadona kusa da bencin da Auta ke zaune da yatsa a naɗe. Ana jin ƙararrawar wani coci daga nesa. Na ce mata, "Yau kin rasa sujada saboda ni." Yarinyar nan, ba da nufin gori ba, ta ce, "Ba komai Mama. Ai ni tun da na zo Jos ban taɓa jin wa'azi har ƙarshe ba. Da na zauna barci ke ɗauke ni, wurin ne kaɗai nake samun zama." Na juya fuskata bango.

Kwana uku na yi. Baban yara da manyan yaran shago suka bi mutane gida gida suna mayar da yadi da kuɗi. Wasu sun tausaya, wasu sun zage ni tas, kuma suna da gaskiya, ƙaryar tela ce na yi musu tun ranar da na karɓi kayan da na san ba zan gama ba.

Bayan na koma gida wata tsohuwa a zumuntarmu ta zo duba ni. Kaka muke ce mata. Ta haura 80, ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba, kuma ba ta iya rufa-rufa ba. Ta ajiye mini kunun gyaɗa, ta ce idonta ya mutu, in buɗe mata Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a sura 5, in karanta daga aya 12. Na ce, "Kaka, ai dokoki goma ne, na haddace su tun ina yarinya." Ta ce, "Na Fitowa kika haddace. Karanta wannan." Na karanta. A Fitowa sura 20 dalilin da aka ba da na hutun ranar Asabar shi ne, Allah ya yi halitta kwana shida ya huta a na bakwai. A nan kuwa aka lissafa waɗanda ba za su yi aiki ba: kai, da ɗanka, da 'yarka, da baranka, da baranyarka, da sanka, da jakinka, har da baƙon da ke garinku. Sannan aka ce domin baranka da baranyarka su huta kamar yadda kai ma kake hutawa, kuma ka tuna kai bawa ne a ƙasar Masar, Ubangiji ya fisshe ka. Da na zo kan sa da jaki sai muryata ta sarƙe, na ga shanun Baba a turke.

Kaka ta ce, "Kin san abin da Fir'auna ya ce wa Isra'ilawa da suka nemi a bar su su je su yi wa Allah sujada? Ragwaye ya kira su, ya ƙara musu aiki. Duba Fitowa sura 5, yana nan." Ta gyara ɗankwali ta ce, "'Yar nan, kina waƙa a gaba kina ɗaga hannu, amma a shagonki ke ce Fir'auna." Na yi kuka har da shessheƙa. Ba ta lallashe ni ba, ta ce in sha kunu kada ya huce.

Ban miƙa wuya nan take ba, ni ma mai gardama ce. Da fastonmu ya zo na ce masa, "Baba Fasto, ba muna ƙarƙashin alheri ba? Asabar ai ta Yahudawa ce." Ya ce gaskiya ne, mu ranar Lahadi muke taruwa saboda ranar ce Ubangiji ya tashi daga matattu, kuma Kiristocin farko ma aiki suke fita a ranar, sai a shekara ta 321 sarkin Rum Kustantin ya mai da ita ranar hutu a birane, ya ma ƙyale manoma su je gona. Na ce a raina, ashe Baba ya fi sarkin Rum tsanani. Fasto ya ce ba zai ɗora mini doka ba, amma in tuna Yesu da bakinsa ya ce an yi Asabar domin mutum ne, ba mutum domin Asabar ba. Kyauta ce, ba tara ba. Ya kuma nuna mini Markus sura 6, inda jama'a suka yi ta kai da kawowa har almajirai ba su sami damar cin abinci ba, Yesu ya ce su zo su keɓe su ɗan huta. Aikin bishara suke yi fa, ba ɗinkin anko ba, duk da haka ya janye su. Sai fasto ya yi ɗan murmushi ya ce shi kansa rabonsa da yini guda a gida tare da iyalinsa ya manta.

A nan zan faɗi abin da ke raina, shugabanni su yi mini haƙuri. Ikilisiyoyinmu suna gajiyar da mutane, musamman mata. Mace ɗaya ce za ta yi girkin taro, ta yi waƙa, ta share majami'a, ta kwana addu'a, gari ya waye ta tafi kasuwa, in ta ce ta gaji a ce ta yi sanyi cikin ruhu. Turawan mishan na SIM da suka kawo mana bishara har gidan hutu suka gina a Miyango, nan kusa da mu, domin sun san mai aikin Allah ma nama da jini ne. Mun gaji aikinsu, mun ninka shi, hutun kuma mun bar shi a can.

Abin da na canza ba wani abin a zo a gani ba ne. Na sayi littafi, ina rubuta adadin ɗinkin da za mu iya a mako, in ya cika ya cika, ko matar gwamna ce. Asabar ƙarfe shida muke lulluɓe kekuna, in kulle almakashi a akwati in ba Baban yara makulli, don na san halina. Girkin Lahadi tun Asabar muke yi gaba ɗayanmu har da samarin gidan, wanki kuma kowa ya yi nasa cikin mako. Na ajiye sakatariya da kwamiti biyu, na riƙe makarantar Lahadi da waƙa. Magana ta zaga cewa Mama Tela ta ja da baya, wata har ta zo ta yi mini addu'ar farfaɗowa. Na ce amin.

Zaman ne ya fi wuya. Lahadin farko da na dawo gida da rana na kwanta, ji na yi kamar na saci wani abu. Hannuna yana ƙaiƙayi, kaina yana lissafin yadi. Na ɗauki waya na shiga WhatsApp ina duba sababbin samfurin ɗinki, sai na ga ai shagon ne na shigo da shi ɗaki, na kashe ta na jefa ƙarƙashin filo. A hankali na gane tsoron nan na ranar gobara ne yake tashina tsaye, yana ce mini in na tsaya komai zai rushe. Maƙwabcin shagona, wani Malam mai ɗinkin manyan riguna, shekara da shekaru ina ganin yana rufe ƙofa in lokacin sallar Juma'a ya yi, ko kwastoma na tsaye da kuɗi a hannu, bai kuwa talauce ba. Ina kallonsa kullum, ban taɓa ɗaukar darasi ba.

Kada wani ya ɗauka zan ce daga nan kuɗi suka yi ta zubowa. A'a, samuna ya ragu. Ga shi watanni biyu bayan haka aka shiga wahalar takardun naira a farkon 2023, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na cefane. Ranar 29 ga Mayu kuma aka cire tallafin mai, tada janareto ya zama sai an yi shawara. A cikin ƙarancin kuɗin nan ne na faɗi. Wata hajiya ta zo gida ranar Lahadi da yamma da leshi, da sababbin takardu a hannu, tsaba, tana so Litinin da safe. Na karɓa. Na lallaɓa shago na kulle kaina ciki, na ce ai ni kaɗai ce, ban sa kowa ba. Ban yi minti ashirin ba na ji ana ƙwanƙwasawa. Auta ce. Ba ta ce komai ba, ta yaye lulluɓin keke na biyu ta zauna tana sa zare, da yatsan nan da farcen bai gama fitowa ba. Na ce ta koma gida. Ta ce, "Mama, in kina aiki ba zan iya kwanciya ba." Ranar na gane babba ba ya karya hutu shi kaɗai. Mun gama leshin, ba zan yi ƙarya ba, amma shi ne na ƙarshe.

Labarin manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, a Fitowa sura 16 shi ya riƙe ni a watannin nan. Wanda ya tara fiye da na yini ya ɓoye, da safe ya tarar da tsutsa da wari. Waɗanda suka fita tara a rana ta bakwai kuma ba su sami komai ba. Ni ban ga ninki biyu a rana ta shida ba yadda Isra'ilawa suka gani, amma ba mu kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, kuɗin makaranta kuma an biya, ko da a makare. Ina shan maganin hawan jini kullum, ina zuwa awo. Na san muryar Baban yara in yana ba da labari ba in yana ƙorafi ba, abin da na manta tun muna amarya da ango. Auta kuwa ta fara dawowa daga sujada tana gardama da ni a kan abin da fasto ya ce.

An yaye ta bara. Na ba ta keke ɗaya cikin na ƙafa, uwarta ta zo daga ƙauye muka yi addu'a, ta kama ɗan shago a Bukuru, har ta ɗauki yara biyu. Hannunta ya fi nawa kyau a wuyan riga, ba na jin kunyar faɗa.

Asabar ɗin da ta wuce, Kirsimeti saura mako guda, muna dawowa daga gaisuwa ni da Baban yara wajen takwas na dare, na ce ya bi ta layinta. Fitila na ci a shagon, ana jin ƙarar keke tun daga bakin titi. Na leƙa. Ƙaramar yarinyarta ta kifa kai a kan tulin atamfa, almakashi a hannu. Auta ta gan ni ta miƙe a rikice, ta ce, "Mama, sannu da zuwa, kalmasa ɗaya ta rage." Na zare almakashin daga hannun yarinyar a hankali don kada ta farka a firgice, na ja kujera na zauna. Na ce, "Yi abinki, ina jira. Tare za mu rufe."